Haƙora Huɗu na Baba Ila

Ku da kuke zuwa koyon aiki wurina yanzu, na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai mene ne abin wahala a haɗa haƙoran roba? Likita ya ɗauki awon baki ya aiko, ka zuba filasta, ka jera haƙora kamar mai jera ƙwai a kiret, shi ke nan. Ɗayanku ma, ba zan kama suna ba, cewa ya yi gyaran waya ya fi wannan cin ƙwaƙwalwa. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin haƙora huɗu kacal da suka kusa raba ni da teburina.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan kwaɓa filasta ne. Wata shida cur ina kwaɓa filasta a hannun Oga Pam, wani gajeren mutumin Filato mai sanƙo, wanda ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta koma "tau" da "hwa" kamar haifaffen Gobarau. Ruwa kafin gari, ba gari kafin ruwa ba. In ka zuba a cikin awon da likita ya ɗauko, sai ka yi ta bubbuga shi a gefen tebur har iska ta gama fita, don kumfa ɗaya in ta maƙale ita ce za ta zama gyambo a bakin wani bawan Allah. In ya sandare ka ɓare shi, sai ga bakin mutum a tafin hannunka, fari fat, da dasashinsa da ganɗarsa da duk giɓinsa. Shi muke kira bakin filasta.

Oga Pam ba ya taɓa wuƙa sai ya juya bakin nan a hasken taga kamar mai sayen goro. Sai ka ji ya ce, "Wannan tela ne, ga inda zare ya ci. Wannan kafinta ne, ga gurbin ƙusa. Wannan baiwar Allah gefe ɗaya take tauna, ɗayan yana mata ciwo ba ta faɗa ba." In an bincika kuwa sai a tarar haka ne. Yakan ce mini, "Rabe, mu ba a kawo mana mutum, bakinsa kawai ake aiko mana. Tau ka koyi gaisawa da baki." A lokacin dariya nake yi a ciki. Da ya yi ritaya zai koma gida ya bar mini wuƙarsa ta sassaƙa kakin da muke jera haƙora a kai, da fitilar sifirit, da filaya uku na lanƙwasa waya, da ƙarfen muƙamuƙi, wato ƙarfen nan mai buɗewa da rufewa da muke ɗaura bakin filasta a kai mu ga yadda haƙora ke haɗuwa. Ga su nan har yau, kuma wanda ya taɓa mini wuƙar nan zai gane ba shi da wayo.

Daga nan na koma wurin Dakta Sada, a wani ɗan asibitin haƙori da ya buɗe wajen Ƙofar Sauri. Likitan soja ne, da muƙamin manjo ya fito. Hannu kam Allah ya ba shi, zai cire maka turmi kuna tsakiyar gaisuwa ba ka sani ba. Amma da ya bar bariki bai baro ta can ba, da ita ya taho cikin aljihu. Dokarsa ita ce likita a ɗakinsa, mai haɗa haƙora a lab ɗinsa. Tsakaninmu taku goma ne, na sha ƙirgawa, amma shekara shida bai taɓa taka ɗakina ba, ni ma ban taɓa ganin marar lafiya a kan kujera ba. Sista Ladi, nas ɗinmu 'yar kudancin Kaduna, ita ke kai da kawowa da faranti: awon baki a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar auduga, da 'yar takarda a gefe. Takardar kuwa ba ta wuce kalma huɗu. Sunana ma bai taɓa shiga bakinsa ba. "A kai wa Lab." "Lab ya gama?" Har mai shayin bakin titi ya koma kirana Malam Lab, yana zaton sunan yanka ne.

Shekarar ƙarshe ta mulkin soja ita ta ƙara ɓata tsakaninmu. Wuta sai ta yi kwana huɗu ba mu gan ta ba, mai ya yi wuya, kayan aiki sun ɓace a kasuwa. Haƙoran roba dafa su ake yi, ku sani, a cikin akwatin tagulla, cikin ruwan zafi na sa'o'i. Ni a kan gawayi nake dafa nawa, ina fifita kamar mai gasa masara. Sai kuma aka kawo mana wani garin roba na jabu, gwangwaninsa kyakkyawa, amma in ka dafa sai ya fito da huji-huji kamar rariya. Aiki bakwai suka dawo a wata guda. Dakta bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba. Tun daga nan ya sa a ransa hannuna ya mutu, ni kuma na sa a raina awonsa ne ya lalace. Kowa ya riƙe tasa, muna gaisawa da safe ta bakin Sista Ladi.

Sai ga siyasa ta dawo. Ku ba ku ga Katsina a watannin nan ba. Kowane bango ya sha fasta, kowace mota da lasifika a kanta, makaɗan da suka jingine ganguna suka sauko da su suna sake fata. Mu ma abin ya shafe mu, don duk mai neman kansila sai ya tuna yana da giɓi. Mutumin da ya shekara ashirin yana dariya da hannu a baki, ranar da za a ɗauke shi hoto sai ya zo a guje yana son haƙori kafin azahar. Na yi aiki har yatsuna suka daina jin zafin kaki, kuma ban ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Gari ya buɗe baki, ni kuma ina cike masa giɓi.

Ana cikin haka, bayan an gama zaɓe ana jiran rantsarwa, Sista Ladi ta dire mini faranti. Takardar ta ce: "Sama. Gaba. Huɗu. Juma'a." Wato haƙoran sama na gaba guda huɗu, a gama ranar Juma'a. A kan katin an rubuta Ila, Batagarawa, manomi. Na zuba filasta, na ɓare, na duba. Haƙoran ƙasa duk sun kwanta ciki kamar an tura su da hannu, sannan a tsakiyarsu akwai wani ɗan rami, rabin da'ira, sumul. Da Oga Pam ne da ya tsaya. Ni kuwa sai na yi tsaki na ce, ga shi nan, Manjo ya sake barin kumfa a awo. Na ɗebo filasta a bakin wuƙa na cike ramin tas, ina jin kaina gwanin da ke rufa wa likita asiri. Sannan na jera haƙora huɗu irin na littafi, dogaye, a miƙe, farare, ba ƙugiyar waya ko ɗaya don kada ta ɓata murmushi. Na goge su har ina ganin fuskata. Wallahi ko yau aka kai aikin nan jarrabawa sai ya ci.

Ranar Litinin sai ga su sun dawo. "Yana faɗuwa. A gyara." Na ɗora su a bakin filasta, suka zauna daram, sai da na sa wuƙa na ɓanɓaro su. Na ƙara musu roba ta ciki don su ƙara kamawa, na mayar. Bayan kwana uku suka sake dawowa. "Har yanzu. A gyara." Na juya takardar, abin da ban taɓa yi ba, na rubuta a bayanta: "Yallaɓai, me mutumin nan yake yi da bakinsa?" Sista Ladi ta karanta, ta dube ni ta ce, "Malam Rabe, kana so a kore mu tare ne?" Ta dai kai. Ba a yi minti biyu ba ta dawo tana danne dariya. A ƙarƙashin tambayata Dakta ya rubuta: "Cin tuwo."

Karo na uku a rabe biyu suka dawo, da ƙasa a jikinsu da shatin takalmi. Takardar ranar ta fi kowace tsawo: "Na ƙarshe. In ya dawo, aiki ya koma Kano." Sista Ladi ta ƙara mini bayani ƙasa-ƙasa, cewa Dakta ya riga ya yi magana da wani lab a Kano, direban tasha zai riƙa kai awo yana kawo haƙora, ɗakina kuma a mai da shi sito. Na zauna na haɗa karayar, na dafa, na goge. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka karye. Haƙoran da tauna ta karya na san su, wannan kuwa taka su aka yi, kuma mutum ba ya taka abin da ke bakinsa.

Ranar da aka sake sa masa su, na roƙi Sista Ladi ta yi mini tari sau biyu in zai fita. Tana yi na zare rigar aiki, na bi ta ƙofar baya, na tare shi a gindin bedin da ke bakin asibiti. Dattijo ne siriri, da 'yar shara da hular da ta sha jiki, ya rataya wata doguwar jaka ta fata. Amma abin da na fara gani kumatunsa ne. Sun saki sun zubo kamar aljihun tsohuwar riga. Muka gaisa, na tambayi gida da iyali da zafi da mutanen Batagarawa, ya tambayi nawa, sannan na ce ni ne mai haɗa haƙoran.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Kai ne? Allah shi yi maka albarka, ɗana. Aradu aikinka ya yi kyau. Uwargidana cewa ta yi na koma saurayi, har ta hwara bincike ina zan je."

"To Baba, me ya sa suke faɗuwa?"

"Tau, lahiya lau suke in ina tamna. Goro ma ina ci. Sai in na zo busa."

"Busar me?"

Ya waiwaya ya dubi ƙofar asibiti, sannan ya buɗe jakar kaɗan. Algaita ce, fatarta ta yi baƙi don shan hannu.

Na ce, "Baba Ila! Kai da aka rubuta manomi?"

"Ai noman ne ke ci da ni. Yarinyar da ke rubuta kati ta ce mi kake yi, na ce noma, ban yi ƙarya ba. Tun da soja suka hau wa ke kiran mabushi? In ban da ɗan tsakanin nan na siyasa da aka ɗanɗana mana aka ƙwace, sai suna da ɗan biki. Yanzu hwa aka tuna da mu."

"Amma ba ka gaya wa likita ba?"

"Ba a tambaye ni ba, ɗana. Shina cewa, akwai ciwo? In ce babu. Kana tamna? In ce ƙwarai. Shi ce tashi. Mutum da hwararen kaya da gilashi, an ce soja ne, ni in tsaya ina mashi zancen busa?"

Sai ya ba ni sauran labarin. An ba shi busar ranar da za a rantsar da sabon ciyaman ɗinsu, saura kwana takwas. Ya je gwaji gidan wani ɗan siyasa, yana tsakar busa haƙoran suka faɗo, ya tofar da su don kada ya haɗiye, wani mai rawa ya bi ta kai. An yi masa dariya har da masu faɗuwa ƙasa. An kuma gaya masa in bakinsa bai gyaru ba akwai wani mabushi daga wani gari da za a ɗauko. Ba haƙora kuwa busa ba ta yiwuwa, iska ta giɓin take zurarewa, leɓe ba shi da abin jingina. Ya ce, "Shekara arba'in ina busa. In aka yi wagga rana ba ni, tau na gama, sai dai in rataye ta."

Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina kuma ta fi tausayin yawa. Na ce ya busa in gani. Ya ce a nan? Na ce a nan.

Ya haɗa ta, ya jiƙa ɗan karan bakin da miyau, ya zura bututun ƙarfen tsakanin haƙoransa, faifan da ke jikin bututun ya tokare leɓe. Kumatun nan da suka zube suka cika tam kamar ƙwarya biyu. In ba ku taɓa jin algaita a taku ɗaya ba, ba za ku gane ba. Tsuntsayen bedin suka watse, mai shayi ya saki ludayi, wata akuya ta tsinke igiya. Numfashi uku ya yi, sai sautin ya shaƙe, ya yi wani irin kuka kamar an taka agwagwa, Baba Ila ya tofo haƙorana a tafin hannu.

Ban ankara ba sai na ji murya a bayana. "Wane ne wannan? Nan asibiti ne ko gidan biki?" Dakta Sada ne, da safar hannu da ƙyallen rufe baki a wuya, Sista Ladi na leƙe ta bayansa. Ya gan ni ba rigar aiki, tare da marar lafiyarsa, a waje. Na ce a raina, Rabe, Kano ta ci ka. Ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya sauka a tafin hannun Baba Ila, ya koma kan algaita, ya koma kan kumatun. Sai ya fasa faɗan. Duk abin da za a faɗa a kan mutumin nan, likita ne na gaske. Ya matso ya ce, "Baba, mai da su. Sake busawa."

Baba Ila ya dube ni, na gyaɗa kai. Manjo guda ya durƙusa a ƙasa, da farin wandonsa, yana leƙen bakin mabushi ta ƙasa, ni ina leƙe ta gefe, kanmu har yana gwaruwa. Muka gani tare. Bututun yana shiga daidai tsakiya, ya kwanta a ɗan ramin nan na haƙoran ƙasa, ramin da shekara arba'in suka sassaƙa, wanda ni na cike da filasta don gwaninta. Dogayen haƙorana na littafi sun tare masa hanya, faifan na turo su ciki, bututun na ɓanɓarar su. Ko da ƙusa aka kafa su sai sun faɗo.

Dakta ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "To me za a yi?"

Sai da na waiwaya in ga da wa yake. Babu kowa a bayana sai akuyar nan.

Na ce, "Yallaɓai, ƙugiya. Waya mai kauri, guda huɗu, a kama fiƙoƙi da turame. Amma haƙoransa sun yi sulɓi, waya ba ta da wurin kamawa, sai kai ka sassaƙa mata mazauni. Wannan ba aikina ba ne, ban iya ba."

"Sai kuma me?"

"A gajarta na tsakiya, a bar wa bututu ƙofa. A kwantar da su ciki."

"Za su yi muni."

"Yallaɓai, nasa na Allah ma haka suka kwanta. Yana nan a bakin filasta." Na ƙara da cewa, "Har da ramin. Na gan shi, na ɗauka kumfa ce ka bari, na cike."

Ya dube ni ta saman gilashi, har na fara tunanin inda zan kai kayana. Sai ya ce, "Ni kuma aka tambaye ni na ce cin tuwo. Mu je ka nuna mini."

Taku goman nan, da ƙafarsa ya yi su. Ya sunkuya ya shiga ɗakina ya tsaya yana kallo: murhun gawayi, fankar da ta mutu tun bara, kakin da nake ajiyewa cikin randa don zafin bazara kada ya narkar da shi. Ya ce, "A nan kake dafa haƙoran mutanena?" Na ce a nan ne. Ya ɗauki gwangwanin garin jabun nan da na ajiye a kan kanta, ya tambaya, na gaya masa labarin aiki bakwai ɗin bara. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa?" Na ce, "Yallaɓai, takardar ba ta da wurin amsa." Sai ya jawo kujerar da na gada wurin Oga Pam ya zauna.

Kwana biyar muka yi a kan haƙora huɗu. Ya sassaƙa mazaunin waya ina tsaye a kansa ina cewa ƙara kaɗan, nan ya isa, Sista Ladi na kallona kamar na hau motar gwamna. Ya sake ɗaukar awo, wannan karon ya sa Baba Ila ya kumbura kumatu. Ni kuma na karɓi aron bututun algaitar, na ɗaura shi a ƙarfen muƙamuƙi tsakanin sama da ƙasa, na jera haƙoran a kewaye da shi. Na rage faɗin robar da ke rufe ganɗa don kada ta taɓa karan, na ƙara mata kauri ta bayan haƙora inda faifai ke turowa. Ranar gwajin kaki, wato haƙoran na kan kaki ba a dafa su ba tukuna, sai da muka ɓoye algaitar a ofishin Dakta, don Baba Ila na jin sun zauna ya fara lalubar jaka, kaki kuwa ba ya ɗaukar busa. Da na gama Dakta ya juya aikin a hannu ya ce, "Da a makaranta ka kai wannan, da an kore ka." Gaskiyarsa ne. Haƙora ne gajeru, a kwance, da ƙofa a tsakiya, ga waya na ƙyalli. Ban taɓa yin aiki mai muni kamarsa ba, kuma ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Aka sa masa, ƙugiyoyi suka ce ƙas. Dakta ya rufe ƙofa ya ce a busa, a cikin ɗakin, a kan kujerar. Baba Ila ya busa. Numfashi uku, goma, ashirin, babu abin da ya motsa sai gilashin taga. Ya sauke ya taɓa haƙoran da yatsa, ya yi wata dariya da ta fito da wayoyin duka, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, kai ɗan wane gida ne a cikin gari?" Dakta ya faɗi gidansu a Gobarau, da sunan kakansa, wani babban falke na da. Baba Ila ya ce, "Ashe! Ubana ya yi mashi busa." Sai ya ɗaga algaita ya saki taken kakan.

Jama'a, na ga abin da ban zaci zan gani ba. Dakta ya ƙame kamar ana faretin safe. Sai na ga ƙafar dama ta fara. Sai kafaɗa. Sai ga Manjo ya ɗaga hannu sama da madubin duba baki a ciki yana juyi a tsakar ɗaki, idonsa ya kawo ruwa yana dariya. Sista Ladi ta ɗora faranti a ka ta shiga. Masu jira suka turo ƙofa, har da wani mai auduga cike da baki yana tafi yana nishi. Ni ma na taka, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma ban iya ba.

Ranar rantsarwa na hau babur na tafi Batagarawa. Jama'a kamar ƙasa, tutoci, ganguna, 'yan siyasa sun sha manyan riguna suna ta rungumar mutanen da jiya ba sa gaisawa. Ni ko fuskar ciyaman ban gani ba, bakin Baba Ila kawai nake kallo. Tun hantsi yake busa har la'asar, kumatu tam, mata na guɗa, ana ta yi masa liƙi a goshi. Can na hangi wani dogo da gilashi a gefen rumfa, ya miƙa wuya, shi ma ba ciyaman yake kallo ba. Muka haɗa ido. Ya ce wai wucewa yake yi. Batagarawa dai ba a kan hanyar gidansa take ba, amma na ce Allah ya kiyaye hanya, yallaɓai.

To kun ji. Yanzu kuna da waya, likita zai turo muku hoton baki ta kowace fuska kafin ku gama shan shayi, kuna ganin kun huta. Hoto ba zai gaya muku mutum mabushi ne ba. In kun ga abin da ba ku gane ba a bakin filasta, kada wanda ya ɗauki wuƙa ya gyara. Ku tashi ku je ku tambaya, ko likitan ya haɗe rai, ko ya ce muku cin tuwo.

Ranar Litinin bayan rantsarwar ina kwaɓa filasta Sista Ladi ta shigo da faranti, tana wani murmushi. Babu awo a kai, takarda ce kawai. Na ce a raina ko dai maganar Kano ce ta tashi. Na goge hannu na buɗe. Kalma huɗu ce kamar kullum, da rubutunsa na soja. Kai mai cewa gyaran waya, buɗe aljihun teburin nan na hagu, tana cikin ambulan, ɗauko ka karanta wa 'yan'uwanka da ƙarfi. A hankali, ta tsufa.

"Rabe, zo mu duba."